Tsingaron bakin kogi: tambayoyi da amsoshi kan tsinta, ganewa da adanawa

Duk wanda ya taɓa bin gaɓar Gulbin Rima, ko Kogin Haɗeja, ko Komadugu Yobe da rani, ya taka tsingaro ko da bai lura ba. Mafi yawansa na randar bara ce da ta fashe wajen ɗiban ruwa. Amma a cikinsa akwai wanda ya girmi ganuwar Kano. Ga tambayoyin da masu sha'awar wannan abu suka fi yi.

Me ke kawo tsingaro bakin kogi tun farko?

Hanya uku ce. Ta farko, mashaya: inda mata suka shekara ɗaruruwa suna ɗiban ruwa, dole tulu ya fashe. Ta biyu, ruwan damina yana wanko shi daga juji da kufai, ya bi ƙorama da shi zuwa gulbi. Ta uku ita ce mai daraja: kogi yana cin gaɓarsa ta wajen kwana, ya yanke tudun da wani tsohon gari yake a kai, sai cikin tudun ya bayyana hawa-hawa, ga toka, ga gawayi, ga ƙashi, ga tsingaro a soke a jikin gaɓa.

Gefen tsingaron ne zai gaya maka ta wace hanya ya zo. Wanda gefensa ya goge ya yi sumul, zanensa ya dushe, ya sha tafiya cikin yashi, kuma ba a san inda ya taso ba. Wanda gefensa ke da kaifi, karayarsa ɗanya, bai yi nisa da gida ba. Ka ɗaga kai ka dubi gaɓar da ke samansa.

Tsingaro mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma a irin wannan wuri aka same shi: Unjugu, a ƙasar Dogon ta Mali, cikin ƙasar da Kogin Yame ya shimfiɗa. Shekarunsa sun haura 11,000.

Doka ta yarda in tsinta in kai gida?

A Nijeriya, dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki duk abin da ya saura daga zaman mutanen dā a matsayin kayan tarihi, haka ma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918. Ta hana haƙa don neman irin waɗannan kaya sai da izinin hukumar, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba takarda. Wanda ya ci karo da kayan tarihi ba da niyya ba, doka ta ba shi kwana bakwai ya sanar da hukumar da kuma ƙaramar hukumarsa. Nijar ma tana da tata dokar kare kayan gado ta 1997.

To, ba wanda zai bi ka don ka ɗauki ɓallin randa a kan yashi. Iyakar ita ce: abin da ke kwance a sarari, ruwa ya riga ya raba shi da mazauninsa, ana iya ɗaukar kaɗan a rubuta bayaninsa. Abin da ke soke a jikin gaɓa, a ɗauki hotonsa a bar shi. Cire shi haƙa ce, ko da farce aka yi ta.

Kafin doka ta gwamnati akwai ta gari. A gai da mai unguwa ko dagaci, in bakin babban ruwa ne a nemi sarkin ruwa. Wasu kufai maƙabarta ce, wasu kuma mutanen gari ba sa son a taɓa su saboda dalilansu. Su ne kuma suka san inda ruwa ya yanke gaɓa bana.

Masu ganin bidiyon Turawa na tsince-tsince a bakin Kogin Tems na Landan su sani cewa can ma sai da lasisin hukumar tashar jiragen ruwan birnin, kuma abin da ya haura shekara 300 sai an kai rahotonsa.

Wane lokaci ne ya fi, kuma ina ake dubawa?

A gulaben da ke ƙafewa, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, bayan ruwa ya janye, kafin shanu da masu noman rani da masu ɗiban yashi su tattake wurin. Washegarin ruwan farko ma yana da kyau, don yana wanke ƙura. Kogin Kwara nasa daban ne: daga Yamai zuwa Yawuri cika biyu yake yi, ta damina da kuma wadda ke isowa daga tsaunukan Gini da hunturu, don haka ƙasarsa ba ta bayyana sosai sai wajen Afrilu zuwa Yuni.

A fita da hantsi ko la'asar, lokacin da rana ke kwance, don inuwa ce ke fito da zane. A duba tarin tsakuwa a cikin kwana, inda ruwa ke ajiye abu mai nauyi, da gindin gaɓar da ta zube, da bakin ƙorama inda ta faɗa gulbi. Tsohuwar kuka, ko tudu mai launin toka a tsakiyar fadama, alama ce ta tsohon zama.

Me zan riƙe, me zan rubuta?

Waya mai nuna lambar wuri a taswira, ƙaramin ma'auni na santimita, littafi da fensir, ledoji masu zif, da tsohon buroshin haƙori. Ban da fartanya, ban da shebur.

Kafin hannu ya taɓa, a ajiye ma'auni kusa da tsingaron a ɗauki hoto biyu: na kusa, da na nesa mai nuna gaɓa ko bishiya. A rubuta rana, sunan kogi, gari mafi kusa, lambar wuri, da abin da ke kewaye: yashi ne ko laka, akwai gawayi, ƙashi, dutsen niƙa, kashin maƙera? In a jikin gaɓa yake, nawa ne zurfinsa daga saman ƙasa? Kowane wuri da ledarsa, takardar bayani a cikin leda, ba a bayanta kaɗai ba, don tawada tana gogewa.

Wannan shi ne rabin aikin, har ya fi rabi. Tsingaron da ba a san inda aka same shi ba, ko farfesa aka kai wa, iyakar abin da zai ce shi ne: ƙasa ce gasasshiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zube tsintuwar wurare biyar a kwano ɗaya da niyyar za a tuna. Ba a tunawa.

Wanne ake ɗauka, wanne ake bari?

Baki, wuya, gindi, mariƙi, ƙafa, da duk mai zane. Su ne ke nuna siffar tukunya. Ɓallin ciki marar ado ba ya faɗin komai sai kauri da irin ƙasa, biyu ko uku sun isa misali. Guda goma zuwa ashirin daga wuri ɗaya sun wadatar. Wanda ya cika buhu ya kwashe shaidar da mai bincike zai zo nema.

Ba kowane gasasshen yumɓu ne tukunya ba. Mai zagaye da huda a tsakiya gululun mazari ne. Mai tsawo da rami daga kai zuwa kai, a bakin ruwa, galibi nauyin taru ko birgi ne. Mai kwarmi-kwarmi jere, tandar waina ce. Bututu mai kauri da ya narke a baki, kusa da kashin maƙera, na murhun narka tama ne. Tsingaro mai huji barkatai na madambaci ne ko na tukunyar ƙyafe.

Yaya zan bambance tsoho da na jiya?

Da ido kaɗai, ɓalli ɗaya ba ya bayar da shekara, kuma duk wanda ya jujjuya shi ya ce maka shekara 700 ne, cika baki yake yi. Dalili kuwa magina na yau suna aiki da irin ƙasar da kakanninsu suka yi aiki da ita, da hannu, su gasa a fili da itace da ciyawa. Baƙi ba tsufa ba ne, kaushi ba tsufa ba ne, gogewa ma ba tsufa ba ce: damina biyu a cikin yashi na iya tsufar da tulun da aka saya a kasuwar bara.

Abin da ke aiki shi ne kwatance. A fara da kasuwa: a je rumfar masu tukwane, a dubi bakin randa, tulu, kasko da tukunyar miya na yankin, a tambayi tsofaffin magina. In tsohuwar da ta shekara hamsin tana gini ta juya ɓalli ta ce ba ginin garin nan ba ne, ko ta ce rabon da a yi irin wannan baki tun tana yarinya, an sami bayanin da ya fi na littafi. Garuruwa irin su Mirya ta Damagaram, Bubon ta bakin Kwara, Tatiko da Ushafa na Gbagyi, kowanne da hannunsa, kuma magina na gane hannun juna.

Sai abokan kwanciya. In tsingaro na kwance a hawa ɗaya da leda, batir ko ɓallin kwanon langa, na kusa ne. In akwai tukunyar taba ta ƙasa, wato lofe, hawan bai wuce wajen 1600 a tsufa ba, don taba daga Amurka ta zo. In akwai kashin maƙera, zamanin ƙarfe ne, wanda a tsakiyar Nijeriya ya faro ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kamar yadda murahun Taruga, wani tsohon wurin narka ƙarfe kusa da Abuja, suka nuna. In kuma ga gatarin dutse gogagge, wanda ake kira gatarin aradu, ba alamar ƙarfe ko kaɗan, to mai yiwuwa an faɗa can baya. Wannan hukunci yana tsayawa ne a jikin gaɓa kawai, inda na ƙasa ya girmi na sama. A kan yashi ruwa ya cakuɗa na jiya da na shekara dubu.

Wannan zane mai kama da saƙa da me aka yi shi?

Mafi yawansa mirginawa aka yi. Magini ya ɗauki ɗan abu mai tsawon yatsa ya mirgina shi da tafin hannu a kan ɗanyen yumɓu. Igiya murɗaɗɗiya tana barin layuka a karkace, kowane layi da ɗigo-ɗigo irin na ƙwayar shinkafa. Kaba ko ciyawa da aka kitsa ko aka ƙulla tana barin tabo masu kusurwa, jere a tsare. Itace sassaƙaƙƙe yana barin zane mai tsabta da ke maimaita kansa: gicciye, zikzak, ko murabba'i. Totuwar masara tana barin ƙananan ramuka layi-layi, kuma ita ma agogo ce, don masara ba ta iso Afirka ba sai bayan 1500.

Ga dabarar gani: a danna ɗan ɗanyen yumɓu ko ƙullun alkama a kan zanen a ɗaga. Siffar abin da aka mirgina za ta fito a tsaye, har a ga ko igiyar dama aka murɗa ko hagu. A auna nisan da zanen ke yi kafin ya maimaitu; wannan shi ne kewayen abin.

Akwai kuma tabon tabarma, wanda ba ado ba ne, sawun gini ne: an bubbuga yumɓu a cikin kwarmi da aka shimfiɗa wa tabarma. Ana ganinsa da yawa a tukwanen Gajiganna na Borno, na tsakanin 1800 da 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tukwanen mutanen Nok, tsohuwar al'ummar tsakiyar Nijeriya da ta shahara da mutum-mutumin yumɓu, na tsakiyar zamaninsu kuwa an fi saninsu da ɗamarar zane da aka tsaga da tsinke ko aka danna da matsefi, an kewaye ta da layi sama da ƙasa. Santsi mai ɗaukar ido ba tare da gilashi ba guga ce, da dutse ko da carbin 'ya'yan kuka. Ja mai kauri a sama jan ƙasa ne aka shafa kafin gashi. Launin goro mai dabbare-dabbare sau da yawa makuba ce aka yayyafa wa tukunya tana da zafi.

Zan iya sanin girman tukunya daga ɓallin baki?

Ƙwarai. A kife bakin a kan tebur ana karkata shi har sai leɓen ya zauna daram, haske ba ya wucewa ta ƙasa. Yadda ya tsaya ke nan a jikin tukunya, kuma nan za a ga ko buɗaɗɗen kasko ne ko mai tsukakken wuya. Sai a zana da'irori a takarda, ɗaya cikin ɗaya, tazarar santimita 1, a gwada wadda ta dace da lanƙwasar.

Mai son lissafi ya auna faɗin ɓallin daga ƙarshe zuwa ƙarshe a miƙe, ya auna zurfin lanƙwasar a tsakiya. A ninka faɗin da kansa, a raba da zurfin sau 8, a ƙara rabin zurfin. Misali faɗi 8, zurfi 1: 64 a raba da 8 ya ba da 8, a ƙara rabi, 8.5. Wannan rabin faɗin baki ne, wato bakin santimita 17. Ɓallin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kewaye ba yana yaudara, don tukunyar hannu ba ta cika zagaye daidai ba.

Me ya sa tsakiyar karayar baƙa ce, gefe kuma ja?

Gashin fili gajere ne, zafinsa galibi tsakanin digiri 600 da 900. Iska ta isa fatar tukunya ta mai da ita ja, amma wuta ta mutu kafin ta cinye ciyawa da dattin da ke tsakiyar yumɓun. Ba ƙonewa ba ce, ba kuma alamar shekaru ba.

Karayar tana da sauran labari. Farare masu kaifi yashi ne ko dakakken dutse. Jajaye ko baƙaƙe masu kusurwa tsohon tsingaro ne aka daka aka cuɗa, yadda magina ke yi har yau don kada tukunya ta tsage. Siraran ramuka sawun ƙaiƙayi ne ko kashin jaki da wuta ta cinye. Kada a raina su: daga irin wannan sawu a tsingaron Gajiganna aka gane cewa ana noman gero a can tun shekaru fiye da 3,000.

Na sami mai sheƙi kamar gilashi, fari da shuɗi. Fa?

Tangaran ne, kuma baƙo ne, don ginin gargajiya na yankinmu ba ya da wannan rufi. An fi samunsa a tsofaffin tashoshin fatauci na Kwara da Binuwai irin su Lakwaja, Ibi da Yola, tare da ɓallin kwalabe masu kusurwa huɗu. A juya gindi a nemi tambari. In an rubuta sunan ƙasa kawai, kamar "England", galibi daga 1891 ne zuwa sama, lokacin da dokar harajin Amurka ta tilasta sa sunan ƙasa a kan kaya. "Made in England" ya fi zama na ƙarni na 20. Mai nauyi, mai ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa, rufinsa ruwan ƙasa ko kore mai duhu, yana iya zama na gida: cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi aiki, irinsa take yi.

Yaya ake wankewa?

A bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu ko uku tukuna, don jiƙaƙƙen tsingaro mai rauni yana narkewa a hannu. A karkaɗe ƙasa da busasshen buroshi. A gwada ɗigon ruwa a wani lungu. In launi ya biyo yatsa ko fatar ta yi laushi, wanki ya ƙare ke nan. In ya jure, a wanke ɗaya-ɗaya da ruwa zalla, har da bakin karaya, a shanya a kan raga. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, ban da mai don ya yi ƙyalli.

Wanda ke da baƙin ƙanzo a ciki ko kunkunniya a baya, kada ruwa ya taɓa shi. A naɗe shi a takardar alminiyom, ba leda kai tsaye ba. A 2021 masana daga jami'o'in Biristol da Farankfot sun bayyana cewa sun sami sauran kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen Nok da suka gwada, wasu na shekaru kusan 3,500. Sabulu da maiƙon hannu suna ɓata irin wannan shaida.

Bayan wata biyu ya yi farin gari, fatarsa na ɓarewa. Me ya faru?

Gishiri ne. Tsingaron da ya kwanta a ƙasa mai kanwa, kamar yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, ko bakin teku, ya sha gishiri. Yana bushewa gishirin na daskarewa a ƙarƙashin fata yana tura ta. Maganinsa jiƙo a ruwan sama mai tsabta ko tataccen ruwa irin na batir, ana sauyawa kullum, mako ɗaya zuwa biyu. A gwada: a ɗiga ruwan jiƙon a kan gilashi ya bushe, in ba farin tabo ya isa. Mai rauni ba ya jure jiƙo, sai dai a ajiye shi inda laima ba ta hawa da sauka.

In biyu sun dace, da me zan liƙa?

In ba dole, a bar su a leda ɗaya. Sufa gulu da Araldite sun fi yumɓun ƙarfi, ba sa warwaruwa cikin sauƙi, kuma ran da aka matsa sai tukunyar ta sake karyewa kusa da liƙin. Masu gyara a gidajen tarihi suna amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narka a sinadarin asiton, mai kauri wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, don asiton na sake warware shi. A soka ɓalli ɗaya a kwanon yashi, a ɗora ɗayan a kai nauyinsa ya riƙe shi, a bari ya kwana. Kada a goge bakin karaya don ya zauna.

Na ga kan mutum-mutumi, ko cikakkiyar tukunya da ƙasusuwa. Wani ya ce zai saya.

A tsaya nan. A ɗauki hoto da lambar wuri, a rufe da yashi, kada a yaɗa wurin a Facebook, a sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa: Gidan Makama a Kano, na Jos, na Kaduna, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A Nijar, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, wato IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni. Haka in an ga tsingaro an jera shi a tsaye gefe-gefe kamar daɓe: tsakar gidan mutanen dā ce, irin wadda aka tono a Daima ta Borno da Ile-Ife.

Abin da mai saye ke haifarwa an gan shi a Bura, yammacin Nijar. An gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi ɗan Nijar Boubé Gado ya tone shi bisa ƙa'ida a 1983, aka ga maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin mahaya. Da labari ya kai kasuwannin Turai, masu haƙar sata suka bi kufan yankin suka rarake. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura, Nok, Sakkwato, Katsina da Sao ta yankin Tafkin Chadi cikin jerin waɗanda ta gargaɗi duniya kada a saya.

Akwai haɗari a wannan yawo?

Akwai. Gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa tana ruftawa ba sallama, don haka ba a tsugunawa a gindin wadda ta fi mutum tsawo. Madatsun ruwa irin su Kainji, Shiroro, Goronyo, Tiga da Lagdo ta Kamaru suna sakin ruwa, gulbi ya cika alhali ko hadari babu. Ruwa mai kwanciya da dodon koɗi yana sa tsargiya, a sa takalmin roba mai tsawo. A juya dutse da sanda saboda kububuwa da kunama, a tambayi masunta inda dorina da kada suke. A tafi mutum biyu, a faɗa wa na gida inda aka nufa, kuma dajin da mutanen gari suka daina shiga saboda rashin tsaro, a haƙura da shi har sai su da kansu sun koma.